Elizabet ta Farko: Abin da Ta Gaggauta da Abin da Ta Bari a Rataye

Sharhinmu na yau zai kai mu Ingila, zuwa safiyar 17 ga Nuwamba, 1558, ranar da Sarauniya Meri ta rasu a Landan, mahaya kuma suka nufi gidan Hatfield don su shaida wa ƙanwarta Elizabet, mai shekara 25, cewa sarauta ta faɗo kanta. Yau in aka ambaci Elizabet ta Farko, abin da ke zuwa zuciya shi ne mulkin shekara 44 da kuma fatattakar jiragen yaƙin Sifaniya a 1588. Amma wanda ya wayi gari a waccan rana bai san ƙarshen labarin ba. Abin da ke gabansa shi ne ƙasa mai mutum kusan miliyan 3 da annobar mura ta yi shekara biyu tana ɗibarsu, baitulmali mai bashin sama da fam dubu 200, kuɗin azurfa da aka cika wa algus, da yaƙi da Faransa wanda ba a gama ba. A watan Janairun shekarar Faransawa suka ƙwace Calais, gari na ƙarshe da Ingila ke riƙe da shi a ƙasar Faransa tun 1347, ga kuma sojojinsu jibge a Sikotlan, wato a bayan gida. A kan wannan duka aka ɗora budurwa wadda dokar ƙasarta ta taɓa kiran ta shegiya, dokar da har ranar ba a soke ta ba.

An daɗe ana yi wa Elizabet shaidar jan ƙafa. Jakadu sun koka, mashawartanta sun koka, majalisar dokoki ta koka: ka kawo mata magana ta ce gobe, gobe ta yi ta ce jibi, ta ba da umarni da safe ta janye shi da yamma. Daga nan wasu suka yanke cewa sa'a ce kawai ta raka ta, wasu kuma suka mai da jinkirin nata wata hikima da ba ta kuskure. Ni a ganina duka biyun sun tsallake abin da ya fi muhimmanci. In aka bi shekaru huɗu ko biyar na farkon mulkinta daki-daki, za a ga ba kowane abu take jinkirtawa ba. Akwai al'amuran da ta rufe cikin kwanaki ko watanni, da saurin da ya ba abokan gabanta mamaki, akwai kuma waɗanda ta bari a buɗe da gangan har tsawon rai. Ta gaggauta duk abin da barin sa zai ba wani dama a kanta, ta kuma rataye duk abin da amsa shi zai ɗaure mata hannu. Iya tantance waɗannan biyun shi ya tsirar da ita, kuma a makarantar tsoro ta koye shi.

Tana da shekara biyu da wata takwas aka fille wa mahaifiyarta, Anne Boleyn, kai a Hasumiyar Landan, ranar 19 ga Mayu, 1536, bisa umarnin mahaifinta Henri na Takwas. Aka soke auren, aka cire yarinyar daga layin gado. A 1544 doka ta mai da ita da yayarta Meri cikin layin, bayan ƙanensu Edwad, amma ba ta wanke su daga tabon shegantaka ba. Tana da shekara 15 aka tsare ta da tambayoyi a kan Thomas Seymour, mijin matar ubanta, wanda aka zarga da ƙulla auren ta ba da izinin majalisa ba. An kama masu yi mata hidima, an yi makonni ana juya ta, ba a samu kalma ɗaya daga bakinta da za a kama ta da ita ba. Shi Seymour aka kashe shi a Maris 1549. Da Edwad ya rasu a Yulin 1553, aka yi yunƙurin tsallake 'yan matan biyu a naɗa Jane Grey, Elizabet ta zauna a gida ba ta ce uffan ba, sai da ƙura ta lafa, mulkin kwana tara na Jane ya rushe, sannan ta hau doki ta tarbi yayarta suka shiga Landan tare.

Darasi mafi tsanani ya zo a 1554. Meri ta ƙudurta auren Filib na Sifaniya, wani mai suna Thomas Wyatt ya ɗaga tawaye, aka murƙushe shi, aka kuma zargi Elizabet da sanin shirin. Duk wanda ya san 'yan ubanci ya san irin wutar da ke tsakanin waɗannan biyu: saboda uwar Elizabet aka kori uwar Meri, kuma ɗaya Katolika ce ta gaske, ɗayar kuwa kowa ya san zuciyarta na wajen Furotesta ko da tana zuwa cocin yayarta. Ranar da aka zo tafiya da ita Hasumiya cikin jirgin ruwa, sai ta roƙi a bar ta ta rubuta wa sarauniya wasiƙa. Ta zauna tana rubutu a hankali har ruwan kogin Thames ya juya, jirgi ba zai iya wucewa ta ƙarƙashin gadar Landan ba, dole aka ɗaga tafiyar zuwa washegari, 18 ga Maris. Wasiƙar tana nan har yau, kuma a shafi na biyu, inda rubutunta ya ƙare, ta ja layuka a kan sauran farar takardar don kada wani ya ƙara mata maganar da ba ta faɗa ba. Wannan takarda ita ce hoton matar gaba ɗaya: ta sayi lokaci da jinkiri, ta kuma toshe kafar da za a shigo mata ta ciki nan take. Ta yi wata biyu a inda aka kashe uwarta, jakadan sarkin daular Habsburg yana matsa wa Meri ta kashe ta, amma hujja ta ƙi samuwa, shi kansa Wyatt ya wanke ta a gaban jama'a kafin a kashe shi. Daga nan aka kai ta Woodstock ta yi kusan shekara a tsare.

Abu biyu ta fito da su daga wannan zama. Na farko, mai jiran gado ba sai ya ƙulla makirci ba, masu makirci su za su nemo shi su rataya sunansa a tutarsu. Na biyu, ta gane wanda ya kare ta a sauran shekarun Meri, wato Filib da kansa, ba don ƙauna ba, sai don lissafi. In aka kawar da Elizabet, wadda ke biye a jini ita ce Meri ta Sikotlan, wadda ta girma a fadar Faransa aka kuma yi mata baiko da yariman ƙasar. Gara wa Sifaniya 'yar Furotesta a kan gadon Ingila da a ce Faransa ta haɗiye tsibirin. Wannan gaba da ke tsakanin manyan ƙasashen Katolika biyu ita ce garkuwar Elizabet, kuma ta san garkuwar za ta yi aiki ne muddin kowannensu yana ganin akwai sauran abin da zai samu a wurinta.

To, mu dubi abin da ta yi da sauri. Kwana uku da rasuwar Meri ta naɗa William Cecil babban sakatarenta. Ta rage majalisar mashawarta daga kusan mutum 40 zuwa kusan 20, ta sallami na hannun daman yayarta, amma ta riƙe manyan masu ƙasa da ƙwararrun ma'aikata da suka yi wa Meri aiki, don kada ta tara wa kanta fusatattu masu dawaki da mabiya. Ba ta jira majalisar dokoki ta zauna ta tattauna cancantarta ba, ranar 15 ga Janairu, 1559, aka ɗora mata kambi a Westminster, kwana goma kafin a buɗe majalisar. Manyan limaman cocin ƙasar sun noƙe, sai bishof na Carlisle, Owen Oglethorpe, wanda ba ya cikin na gaba-gaba, shi ya yarda ya yi naɗin. Ta karɓa a haka, domin naɗaɗɗiyar sarauniya da mai jiran naɗi ba ɗaya ba ne a idon talaka. A watan Afrilu ta haɗiye baƙin cikin Calais ta sa hannu a sulhun Cateau-Cambrésis, wanda ya bar wa Faransa garin na shekara takwas bisa alkawarin mayarwa ko biyan diyya, alkawarin da kowa ya san rufin asiri ne. Tsakanin 1560 da 1561 kuma aka janye gurɓatattun kuɗin da aka buga tun zamanin ubanta da ƙanenta, aka narke su aka buga na azurfa tsantsa. Wannan ba aikin mai jan ƙafa ba ne.

Batun addini ya fi kowanne nuna yadda take haɗa sauri da barin kafa. Cikin shekara 25 mutanen Ingila sun ga Henri ya raba cocinsu da Fafaroma, Edwad ya tura shi can cikin Furotesta, Meri ta dawo da shi Roma ta kuma ƙona mutum kusan 300 da ransu. Barin wannan a rataye yana nufin kowane mai wa'azi ya ja jama'arsa, saboda haka tun ƙarshen Disamba ta hana wa'azi gaba ɗaya har majalisa ta yanke, kuma kafin ƙarshen Afrilun 1559 an zartar da dokoki biyu, ɗaya ta mai da ikon coci hannun sarauta, ɗaya ta tsara yadda za a yi ibada. Ba da lalama aka yi ba. An kulle bishof biyu a Hasumiya lokacin hutun Ista, kuma duk da haka dokar ibadar da ƙyar ta wuce a majalisar manya, ƙuri'a 21 da 18. Daga baya duk bishof-bishof na zamanin Meri suka ƙi rantsuwa aka tuɓe su, in ban da guda ɗaya. Amma dubi kalmomin da aka zaɓa. Ubanta ya kira kansa shugaban coci, ita ta karɓi laƙabin mai kula da shi, wanda ya sauƙaƙa wa Katolika masu ganin shugaba Fafaroma ne, da Furotesta masu ganin mace ba ta shugabancin coci. A wajen jibin Ubangiji, inda rigimar ta fi zafi a kan ko gurasa da ruwan inabin suna zama jikin Almasihu ne ko tuni ne kawai, sai aka haɗa lafazin littafin addu'a na 1549 da na 1552 a jere, kowa ya ji abin da ya yi imani da shi. Wanda ya ƙi zuwa coci ran Lahadi tararsa kwabo 12, sule guda ke nan, abin da ya yi wa leburan lokacin nauyi amma bai kai wuta ba. Ita kanta ta bar gicciye da kyandirori a ɗakin ibadarta, abin da ya ƙona ran sababbin limamanta, ya kuma sa jakadun Katolika suka riƙa rubuta wa iyayen gidansu cewa kila a shawo kanta.

Akwai wata tambaya da ta ƙi taɓawa sam, wadda ba a cika ambata ba. Da Meri ta hau mulki, cikin abubuwan farko da ta sa majalisa ta yi akwai halatta auren uwarta. Elizabet ba ta yi haka ba. Dokar 1559 ta tabbatar da cewa ita ce sarauniya ta halal, ta tsaya nan, ba ta tono auren Anne Boleyn ba. A zuci wannan abu ne mai ciwo, ɗiya ta samu iko ta bar sunan uwarta yadda aka bar shi. Amma buɗe shari'ar yana nufin a zauna a majalisa ana muhawara a kan ko Henri yana da ikon sakin matarsa ta fari, kuma duk Katolikan Turai sun riga sun ce ba shi da shi. Kaza mai yawan tone-tone ita ke tono wuƙar yanka ta. Ta bar kambin da ke kanta ya zama amsa.

Sai aure. Babu wanda ya zaci za ta yi mulki ba miji, har Cecil. Zamanin ne John Knox ya fitar da littafinsa na 1558 mai cewa mulkin mata saɓa wa tsarin Allah ne, kuma ko da yake Meri ta share hanya da dokar 1554 wadda ta ce ikon sarauniya daidai yake da na sarki, auren nata da Filib ya nuna haɗarin: ya jawo tawaye, ya ja Ingila cikin yaƙin Sifaniya, yaƙin ya ci Calais. Mijin waje zai ja ƙasa bayan ƙasarsu, mijin gida zai ɗaga gida ɗaya a kan sauran gidajen manya. Farkon 1559 Filib da kansa ya nemi aurenta. Ba ta da niyyar auren mijin yayarta, amma ba ta ce a'a nan take ba, ta bar maganar tana yawo a daidai makonnin da ake cinikin sulhu da Faransa, ake kuma shirya dokokin da za su raba Ingila da Roma. Da ta ƙare Filib ya auri 'yar sarkin Faransa, sai ga Erik na Suwidin, sai ga Charles ɗan gidan Habsburg na Ostiriya, kowanne an ba shi fuska ba a ba shi amsa ba. Sakamakon a bayyane yake. Fafaroma bai kore ta daga coci ba sai 1570, shekara 11 bayan ta fice da ƙasarta, kuma Filib yana cikin masu hana a yi hakan da wuri. Shekarun nan 11 su ne cocin da ta kafa ya yi saiwa a cikinsu, tsofaffin limamai suka mutu, yara suka taso ba su san wata ibada ba sai wannan.

Mai sauraro zai iya cewa duk wannan aikin Cecil ne, ita dai ta sa hannu. Akwai gaskiya a ciki, kuma Sikotlan ce shaida. A 1559 manyan Furotesta na can suka yi wa Meri ta Guise, mai riƙon ƙwarya, tawaye, suka nemi taimakon Ingila don korar Faransawa. Elizabet ta ƙi jinin taimakon masu tawaye ga sarauta, ta kuma ji tsoron kashe kuɗi, sai da Cecil ya kai ga neman a cire shi daga batun kafin ta yarda a tura jiragen ruwa da soja. Yarjejeniyar Edinburgh ta Yulin 1560, wadda ta fitar da sojojin Faransa daga Sikotlan, nasarar Cecil ce, kuma da an biye wa jinkirinta da dama ta wuce. Wannan na amince da shi. Amma ita ta zaɓo mutumin, ta riƙe shi shekara 40 har ya rasu a 1598, tana jin abin da ba ta so daga bakinsa ba ta kore shi ba, alhali ubanta ya kashe irin waɗannan bayin nasa. Sannan a kan aure da magaji, inda Cecil ya matsa iyakar ƙarfinsa, ba ta bi shi ba ko sau ɗaya. Wadda ake juyawa ba ta zaɓen inda za ta ƙi juyuwa.

Wani kuma zai ce ba siyasa ce ta hana ta aure ba, zuciyarta ce ke wajen Robert Dudley, wanda ta ba muƙamin kula da dawakin fada, abin da mu za mu kira Shamaki. Ba na musun son, duk fada ta gan shi, har jakadu suna rubuta shi a wasiƙunsu. Dudley yana da mata, Amy Robsart, kuma ranar 8 ga Satumba, 1560, aka tsince ta a mace a ƙasan matakala a gidan Cumnor, wuyanta a karye. Masu bincike sun ce haɗari ne, amma bakin duniya ya riga ya yanke nasa hukuncin. Yanzu hanya ta buɗe, mutumin da take so ba shi da aure, ita ce sarauniya, babu mai hana ta a doka. Ba ta aure shi ba. Don a gane nauyin wannan, a dubi abin da ya faru da Meri ta Sikotlan bayan shekara bakwai: an kashe mijinta Darnley a Fabrairun 1567, ta auri Bothwell, wanda ake zargi da kisan, a watan Mayu, kafin ƙarshen Yuli ta rasa sarautarta. Jarrabawa iri ɗaya ce ta zo wa mata biyu 'yan dangi ɗaya, kuma wadda ta iya danne zuciyarta ita ta mutu a kan gadonta.

Batun sa'a ma ba a raina shi. Kadinal Pole, babban limamin Canterbury kuma ginshiƙin Katolika, ya rasu rana ɗaya da Meri. Kujerun bishof da dama sun kasance babu kowa a kansu lokacin ƙuri'ar 1559, kuma mun ji da ƙuri'a nawa aka wuce. Henri na Biyu na Faransa, wanda ya sa surukarsa Meri ta Sikotlan ta riƙa amfani da tambarin sarautar Ingila, ya mutu a Yulin 1559 bayan mashi ya soke shi a ido a wajen wasan dawaki. Meri ta Guise ta mutu ana tsakiyar yaƙin Sikotlan, ɗan Henrin, Faransuwa na Biyu, ya bi su a Disambar 1560, Faransa kuma ta faɗa yaƙin basasa a 1562. Mutuwa ta yi wa Elizabet aiki, babu ko shakka. Sai dai mutuwar abokin gaba tana amfanar wanda bai riga ya ɗaure kansa ba. Da ta auri wani don tsoron Faransa a 1559, da tsoron ya gushe a 1560 ya bar ta da mijin. Kuma lokaci ɗaya da ta saki wannan hali ta yi gaggawa, ta sha wuya. A 1562, da kwaɗayin dawo da Calais, ta tura soja su riƙe tashar Le Havre don taimakon Furotestan Faransa. Faransawan suka sasanta tsakaninsu suka haɗu suka kewaye Ingilishi, annoba ta shiga sansanin, aka miƙa wuya a Yulin 1563, sojojin da suka dawo suka kawo cutar Landan ta kashe dubbai, haƙƙin Calais kuma ya tafi ke nan. Bayan wannan ta yi fiye da shekara 20 ba ta sake tura runduna a fili zuwa nahiyar Turai ba.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta magaji, kuma a nan ba zan iya wanke ta duka ba. A Oktoban 1562 ciwon agana ya kwantar da ita a fadar Hampton Court har aka fid da rai. Mashawarta suka taru, kuma bisa rahoton jakadan Sifaniya kansu ya rabu, wasu na son Katherine Grey, ƙanwar Jane, wasu na son mai sarautar Huntingdon, ita kuwa da ta farfaɗo sai ta nemi a ba Dudley riƙon ƙasa. Da ta mutu a daren, da Ingila ta wayi gari ba sarki, ba magajin da aka yarda da shi, ga Meri ta Sikotlan a arewa da nata iƙirarin, a ƙasar da yaƙin gidajen sarauta bai fi shekara 77 da ƙarewa ba, tun da kakanta Henri na Bakwai ya ci nasara a Bosworth a 1485. 'Yan majalisar da suka roƙe ta a 1563, suka sake roƙo a 1566, cewa ta yi aure ko ta ambaci magaji, ba masu rashin kunya ba ne, mutane ne masu 'ya'ya da gonaki da ke tsoron abin da zai biyo baya. Ta sa rayuwar ƙasa gaba ɗaya a kan numfashin mutum ɗaya, kuma tsawon ranta ne ya rufa wa wannan caca asiri.

Duk da haka hujjarta ba ta banza ba ce, domin daga jikinta ta ɗauko ta. A 1561 ta shaida wa William Maitland, manzon Meri ta Sikotlan, cewa ambaton magaji tamkar shimfiɗa likkafaninta ne a gaban idonta, ta kuma tuna masa yadda mutane suka riƙa karkata gare ta a zamanin yayarta. Ta san hanyar Hatfield ta cika da mahaya tun Meri ba ta cika ba. In ta ambaci Meri ta Sikotlan, ta ba kowane Katolika mai wuƙa dalilin gaggauta ranar. In ta ambaci Katherine Grey, ta mai da Sikotlan da Faransa abokan gaba a fili, ta kuma ba Furotesta masu zafi wata tutar. Kowace amsa tana haifar da abokin gaba tabbatacce yau, shirun kuwa haɗarinsa na gobe ne, kuma ta zaɓi na goben.

Wadda ta biya kuɗin wannan zaɓi da jikinta ita ce Katherine Grey. Ta yi aure a ɓoye da Edward Seymour, mai sarautar Hertford, a ƙarshen 1560, ba da izinin sarauniya ba. Da ciki ya bayyana a 1561 aka kai ta Hasumiya, a can ta haifi ɗa namiji, wato ga mai jinin sarauta, Furotesta, da magaji a hannu, abin da Elizabet ba ta da shi. Aka kafa kwamiti ya ce ba a samu shaidar auren ba, saboda matar da ta tsaya shaida ta rasu, limamin da ya ɗaura kuma ba a gano shi ba. Aka soke auren a 1562, aka kira yaron shege, da shi da ƙanensa da aka haifa a kurkukun a shekara ta gaba. Aka raba Katherine da mijinta da babban ɗanta, ana kai ta daga wannan gida zuwa wancan a tsare, har ta rasu a Janairun 1568 tana da shekara 27. Sarauniyar da ta sa aka yi wannan ita ce yarinyar nan da aka soke auren uwarta tana da shekara biyu da wata takwas.